Yanda Ake Feɗe Salo Da Adon Harshe A Rubutu Ba Tare Da Jero Sunaye Kawai Ba

Mafi yawan asaimen ɗin nazarin salo da ɗalibai ke kaiwa a buga a shagunan kwamfuta na Samaru ko Kongo a Zariya duk kai ɗaya ne, mutum zai rubuta kamance ya kawo misali uku, ya rubuta siffantawa ya kawo biyu, ya ƙara mutuntarwa ɗaya shikenan wai ya gama. Toh wannan ai ƙidaya ce. Nazari yana farawa ne daga inda ka tambayi kanka me wannan adon ya yi wa maganar, kuma me yasa marubucin ya zaɓe shi a nan wurin.

Kafin ka ɗauki biro, karanta rubutun da baki, a bayyane, ko da abokan ɗaki zasu ce ka fara taɓuwa. Akwai abunda ido baya kamawa sai kunne, musamman karangiya, wato jera kalmomi masu sauti iri ɗaya, da maimaici da inda numfashi ke yankewa. Daga nan ka faɗa wa kanka jigon a jimla ɗaya tak. In ka kasa, ka sake karantawa, don salo ana auna shi ne da saƙon da yake ɗauke da shi.

Sai farauta. Kamance ne mafi sauƙin kamawa tunda yana zuwa da kalmominsa, kamar, tamkar, sai ka ce. Amma dan Allah kar ka tsaya a nan, malamai sun kasa shi uku, na daidaito da na fifiko da na kasawa. Misali ma yana gida, jaridar da aka fara bugawa nan Zariya a 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta kamancen fifiko ne tsaf. An ɗora gaskiya da kuɗi a sikeli ɗaya an ce gaskiya ta rinjaya, kaga a kalma huɗu an tallata haja kuma an yi wa mai saye alkawarin ba zai yi asara ba. In ka rubuta wannan bayanin ka yi nazari, in ka rubuta "kamancen fifiko" ka wuce, baka yi komai ba.

Siffantawa ita bata neman izini, kai tsaye take cewa abu kaza shi ne kaza. A ce wani ya rubuta a kan Kwangila, mahaɗar motoci a Zariya, "Kwangila da yamma tukunyar wake ce." Ga dabarar da nafi yarda da ita: tuɓe wa jimlar adonta ka faɗe ta tsurarta. Kwangila akwai cunkoso da yamma. Yanzu ajiye su gefe da gefe ka duba me ya ɓace. Zafi ya ɓace, tafasa ta ɓace, yanda 'yan keke da 'yan acaɓa da tireloli ke hawa kan juna suna sauka ya ɓace, hayaƙi ma ya tafi, har da jin cewa duk wanda ya shiga sai ya dahu kafin ya fito. Wannan abun da ya ɓace shi zaka rubuta, shi ne aikin adon. In kuma ka tuɓe baka ga an rasa komai ba toh ka faɗa, marubucin ya yi kwalliyar da bata biya kuɗin sabulu ba, kuma halas ne ɗalibi ya faɗi haka in yana da hujja.

Jinsintarwa, wato a sauya wa abu jinsinsa, nan ne ake yawan rikicewa, ta ƙunshi mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Mutuntarwa a ba abunda ba mutum ba halin mutum, kamar a ce damina ta shigo Tudun Wada da fushi. Dabbantarwa a mayar da mutum dabba, abuntarwa a mayar da shi wani abu mara rai, dutse ko garkuwa. Abun lura a dabbantarwa shi ne wace dabba aka ɗauko, makaɗan fada in zasu yabi sarki zaki ne ko toron giwa, in zasu zagi abokin hamayyarsa sai kaji kura ko biri. Dabara ɗaya ce amma ɗaya yabo ɗaya zambo, saboda haka faɗin sunan dabarar kaɗai bai gaya mana komai ba.

Kambamar zulaƙe bata da wahala, in kaji an faɗi abunda hankali ba zai ɗauka ba ita ce.

Wanda ke kayar da mutane shi ne gatse da habaici, don su a cikin jimla kaɗai baka ganinsu. Duba wannan: "Allah Ya saka wa wanda ya yi mana titin nan, yanzu har kifi ya samu wurin zama a ƙofar gidanmu." A takarda addu'a ce, amma duk wanda ya taɓa ɗage wando a layin unguwarsu a watan Agusta ya san ba godiya ake ba. Dole ka tambaya waye ke magana, da wa yake, a wane lokaci, kuma me yasa bai kama suna ba. Habaici baya kama suna, mai shi ne ke tsarguwa, zambo kuwa har kama da tafiyar mutum sai an zana. Haka karin magana, kar ka kwafo ta ka fassara mana kamar bamu sani ba, nuna mana ko an kawo ta don a kashe gardama ne ko don a ɓoye zagi, ko an yanke rabinta an bar mai karatu ya ƙarasa.

Kuma salo ba ado kaɗai bane. Duba tsawon jimloli, ina ya gajarta ina ya saki, duba aron kalma, marubucin da ya cika Larabci da wanda ya cika Ingausa ba mutum ɗaya suke wa magana ba. Duba karin harshe, in ya sa wani tauraron labarin yana Sakkwatanci a tsakiyar masu Zazzaganci da dalili.

Wajen rubutawa kuma kowane sakin layi ka kawo jimlar yanda take da lambar shafi ko baiti, ka faɗi sunan adon a taƙaice, sauran layukan duka su tafi a aikin da ya yi wa jigo. Misali huɗu da aka feɗe sosai sunfi ashirin da aka jero, kuma in adon iri ɗaya ya dinga dawowa, a ce ruwa ko wuta daga farkon labari har ƙarshe, ware masa sakin layinsa daban ka bi sawunsa shafi bayan shafi.