Darasi na Bakwai: Lafiyar Ciki da Hanji

A wannan darasi za mu taɓa maganar da mutane suke jin nauyin yi a cikin jama'a, wato maganar bayan gida. Kada kowa ya ji kunya. Duk wanda ya je asibiti da ciwon ciki, cikin tambayoyin farko da za a yi masa akwai, "Yaya bayan gidanka yake?" Wanda bai saba lura ba sai ya yi ta kame-kame, alhali amsar ce za ta nuna wa likita inda matsalar take.

Hanyar da loma take bi

Idan aka haɗiye loma, takan gangara ta maƙogwaro zuwa tumbi. A nan ruwa mai tsami ƙwarai yake dama ta. Daga tumbi sai ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai kusan mita 6 a jikin babban mutum, a naɗe cikin ciki. A nan jiki yake tsotse amfanin abinci ya kai shi jini. Abin da ya rage sai ya wuce babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi, inda ake tsotse ruwa, sauran ya zama bayan gida. Tafiyar takan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku.

A cikin babban hanji akwai ƙananan halittu masu rai, biliyoyi a kan biliyoyi, waɗanda ido ba ya gani. Yawancinsu ba cuta ba ne, taimakon mu suke yi. Suna cin abin da cikinmu ya kasa narkarwa, irin su dusar hatsi, ɓawon wake da zaren ganye. Idan sun ci, sai su fitar da abin da yake ƙarfafa bangon hanji, kuma su hana miyagun ƙwayoyin cuta samun wurin zama. Ku riƙe wannan, domin kusan duk abin da za mu faɗa a gaba a kansa ya tsaya.

Yadda za ka gane cikinka ba daidai yake ba

Ba dole ba ne mutum ya zaga kullum. Wani sau uku yake zagawa a rana, wani sau uku a mako, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Abin dubawa shi ne bayan gidan ya fito da laushi, a haɗe, ba tare da yunƙuri mai tsanani ba. Tusa da gyatsa ma ba cuta ba ne, kowa yana yi.

Matsala ita ce idan abin da ka saba da shi ya sauya kuma ya daɗe. Bayan gida ya yi tauri yana fitowa guntu-guntu. Ka daɗe a tsugune, ka tashi kana jin ba ka gama ba. Ciki ya riƙa kumbura yana ƙugi bayan kowane cin abinci. Ƙwannafi ya hana ka barci. Gudawa ta tafi yau, jibi ta dawo. A wajen yara kuwa, a lura da babban ciki tare da ramammun ƙafafu, da ƙaiƙayin dubura da dare, da ɗashewar tafin hannu. Sau da yawa tsutsar ciki ce, ko ƙarancin abinci mai gina jiki, ko duka biyun.

Karatu

Mutum biyu su karanta wannan da ƙarfi, ɗaya ya zama dattijo, ɗaya ma'aikaciyar lafiya.

"Sannu Baba, me yake damun ku?"

"'Yata, basir ne ya sa ni gaba. Na sha sassaƙe, na sha na kwalba da ake sayarwa a tasha, har yanzu shiru."

"Baba, wa ya duba ku ya ce basir ne?"

"Ai ba sai an duba ba. Ina ganin jini, ga kasala, ga rama."

"Tun yaushe kuke ganin jinin?"

"An fi wata uku."

"To Baba, ku yi haƙuri, yau ba magani zan ba ku ba. Takarda zan rubuta muku ku je babban asibiti a duba hanjin. Basir yana sa jini, gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai yake sa jini ba, kuma basir ba ya ramar da mutum haka."

Wannan dattijo ba shi kaɗai ba ne. A wurinmu kusan duk ciwon da ya shafi ciki ko mara, har da ciwon baya da raunin mazakuta, basir ake ɗora wa. Basir na gaskiya jijiyoyin jini ne da suke kumbura a bakin dubura, yawanci saboda yawan yunƙuri, daɗewa a tsugune, ko juna biyu. Wanda yake tallar magani da lasifika bai duba kowa ba. Kwalba ɗaya yake bai wa mai basir, da mai atini, da mai ciwon dajin hanji. Na ƙarshen nan shi ne abin tausayi, domin watannin da ya ɓata yana shan jiƙo su ne watannin da aiki zai iya cetonsa.

Haka ma olsa, wato gyambon ciki. An saba cewa yunwa ce take kawo ta. Yunwa da yaji suna tayar da zafin, amma manyan dalilanta biyu ne. Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda take zama a bangon tumbi. Wasu likitoci biyu a ƙasar Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ƙwayar da kansa har ya kamu da ciwon ciki, kuma a 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ana gwada wannan ƙwaya a asibiti, ana kuma kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac, piroxicam da asfirin. Manoma, leburori da 'yan acaɓa da suke sayen "haɗi" a leda kowace yamma don gajiya, su ne wannan magana ta fi shafa. Irin waɗannan ƙwayoyi suna cinye bangon tumbi a hankali, musamman idan an sha su ciki babu komai.

Dusar da muke bai wa awaki

Yanzu mu zo ga gyara. Mafi yawan taurin bayan gida da kumburin ciki, maganinsu yana cikin rumbu da lambu.

Ku tuna yadda ake surfe. A zuba gero ko dawa ko masara a turmi ko a kai inji, a cire dusa tas, a wanke, a niƙa, a tankaɗe da rariya mai laushi. Tuwo ya fito fari sumul, uwargida ta sha yabo. Dusar kuma a jiƙa wa awaki. To wannan dusa ita ce abincin halittun nan na hanji, ita ce kuma take riƙe ruwa a cikin bayan gida ya yi laushi. Ga shi yanzu a gari an koma farar shinkafa, burodi da taliyar leda, waɗanda duk an riga an raba su da dusarsu tun daga kamfani, ga kuma lemon kwalba. Mutum zai ƙoshi, amma kusan babu abin da ya isa babban hanji.

Ba a ce a daina surfe ba. A rage shi. A yi surfe sama-sama, ko a riƙa niƙa gero da dawa da dusarsu wasu ranaku bayan an tsince an wanke sosai. Hatsin da ya yi funfuna kuwa a zubar, kada a ci, domin gubarsa tana lalata hanta. Wake da gurjiya suna da wannan amfani mai yawa, kuma a ganina cire ɓawon wake a kowane girki asara ce. A bar cire ɓawon ga ƙosai da alala, amma wake da shinkafa ko faten wake a dafa da ɓawonsa. Wanda wake yake kumbura wa ciki ya jiƙa shi ya kwana, ya zubar da ruwan, ya dafa ya yi luguf, ya kuma fara da kaɗan. Cikin mako biyu ko uku ciki yakan saba.

Miyarmu ta gargajiya ba ta da laifi ko kaɗan: kuka, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, lalo. Kwaɗon zogale da na rama da na tafasa abinci ne na ƙwarai, duk da raina su da ake yi a birni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Ba sai ka sayi tuffa mai tsada ba. Gwanda, goba, mangwaro, lemo, kankana, aya, dabino, goruba, magarya, duk abin da lokacinsa ya kama. Lemo a ci da tsokarsa, kada a tsotse ruwan kawai a yar.

Nono da kindirmo suna ɗauke da ƙwayoyi masu rai masu amfani ga hanji. Mutane da yawa da madara take ɓata wa ciki suna shan kindirmo lafiya. Sharaɗi biyu ne: a tafasa madarar kafin a zuba ta ta yi tsami, kuma ruwan da aka dama fura da shi ya zama mai tsabta.

Sauran abubuwan gajeru ne. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, musamman a bazara da lokacin azumi tsakanin buɗa baki da sahur. A tauna abinci sosai. Kada a cika tumbi dam, an san hadisin da ya raba ciki kashi uku: na abinci, na ruwa, na numfashi. Mai ƙwannafi ya bar awa biyu zuwa uku tsakanin tuwon dare da kwanciya, ya rage maiƙo da taba. Kanwa takan kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma gishirinta yana da yawa, mai hawan jini da mai jego su yi hattara. Mai zaman shago ko tela ya tashi ya taka kullum. Kuma idan bayan gida ya matsa, a je, kada a riƙe.

Hannu, ruwa da ƙwayoyin kemis

Gudawa, atini, taifod, kwalara da yawancin tsutsar ciki hanyarsu ɗaya ce: daga kashin wani zuwa bakin wani, ta hannu, ƙuda, ruwa ko ganyen da ba a wanke ba. Ruwan buta kaɗai ba ya cire ƙwayar cuta daga hannu. Bayan tsarki, da bayan wanke wa yaro kashi, da kafin girki ko cin abinci, a wanke hannu da sabulu. Inda babu sabulu a sa toka. Kashin jariri ma yana ɗauke da cuta, a zuba shi a masai, a rufe bakin masan. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin. Yara su sa takalmi, domin akwai tsutsar da take shiga ta tafin ƙafa, kuma a kai su karɓar maganin tsutsa idan ana rabawa a asibiti ko makaranta.

Akwai ɗabi'ar da ta zama ruwan dare: ciki ya ɗan murɗa, a aika yaro kemis ya sayo Flagyl ko kafso ja da rawaya. Waɗannan magunguna ba sa bambanta mugu da nagari, har halittun hanji masu amfani suke kashewa. Yawancin gudawa tana tsayawa da kanta cikin 'yan kwanaki. Abin da yake kisa shi ne ƙarewar ruwan jiki.

Don haka abin nema shi ne garin ORS na leda, wato haɗin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a dama yadda aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a haɗa a gida: ruwa mai tsabta lita 1, wato ruwan leda biyu masu rubutun 50cl, da sukari cokalin shayi 6 a shafe, da gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Kada a tula gishiri, yawansa haɗari ne ga yaro. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan bayan kowace gudawa, abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Yaro a ƙara masa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 idan ya wuce wata shida, miligiram 10 idan bai kai ba. A ci gaba da ba shi mama da abinci. Kada a ba ƙaramin yaro maganin tsayar da gudawa na manya.

Alamun da ba a kwana da su a gida

Jini a bayan gida ko a amai. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari, in dai ba maganin ƙarin jini ake sha ba, domin shi ma yana baƙanta shi. Gudawa fara mai yawa kamar ruwan wankin shinkafa. Ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri ba ya taɓuwa. Ciki ya kumbura ana amai, ba kashi ba tusa. Ido ya yi rawaya. Yaro mai gudawa da idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ko ya yi laƙwas. Waɗannan a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne.

Rama ba dalili, abinci yana tsayawa a maƙogwaro, ko sauyin bayan gida da ya wuce mako uku, musamman ga wanda ya haura shekara 45, su ma a je a duba cikin makon.

Aiki

1. Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka sau uku: hanji, tumbi, dusa, sabulu, gudawa.
2. Idan za ka haɗa ruwan gishiri da sukari lita 2, cokali nawa na sukari za ka sa? Na gishiri fa?
3. Rubuta duk abin da aka ci a gidanku jiya, daga karin kumallo zuwa dare. Ja layi a ƙarƙashin wanda yake da dusa, wake, ganye ko ɗan itace.
4. Ka zo aji na gaba da kwali ko ledar wani magani da yake gidanku, mu karanta sunansa da ranar ƙarewar aikinsa tare.