Yadda za a taimaki matashi ya samu isasshen barci

Iyaye da yawa suna ɗaukar matashin da yake kai tsakar dare idonsa biyu, da safe kuma sai an yi ta jijjiga shi kafin ya motsa, a matsayin malalaci ko mai taurin kai. Sau da yawa ba haka lamarin yake ba. Idan yaro ya fara balaga, agogon jikinsa, wato tsarin da yake tsara masa lokacin barci da na tashi, yana ja da baya da kusan awa biyu, domin sinadarin melatonin mai kawo barci, wanda ƙwaƙwalwa take saki idan duhu ya yi, ba ya fitowa da wuri kamar yadda yake yi a ƙuruciya. Shi ya sa za a ga ya kwanta ƙarfe tara yana ta juyi a gado har sha ɗaya, alhali ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta bayyana a 2016 cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana.

A ganina, daga safiya ya kamata a fara gyara, domin ba a iya tilasta wa mutum barci, amma ana iya tsayar da lokacin tashi. A zauna da yaron a amince a kan lokaci ɗaya, kuma ko a ranakun da babu makaranta kada ya wuce shi da fiye da awa ɗaya ko biyu, saboda barcin ramuwa har azahar yana ƙara tura agogon jiki baya. Da zarar ya tashi, a ɗage labule, ko ya fita waje ya ɗan jima a cikin haske, tunda hasken safe ne yake jawo agogon ya dawo da wuri. Lokacin kwanciya kuwa a riƙa matso da shi da minti 15 bayan kowane kwana biyu ko uku. Wanda ya saba kwanciya ƙarfe ɗaya ba zai koma ƙarfe goma a dare guda ba.

Waya ce babbar matsala, kuma ba haskenta kaɗai ba ne abin damuwa. Saƙo yana shigowa, yaron ya ce bari ya amsa wannan kawai, bidiyo ya ƙare wani ya fara da kansa, kafin ya ankara awa guda ta tafi, kansa kuma ya ƙara wartsakewa. A ajiye ta awa ɗaya kafin kwanciya, a sa ta caji a wajen ɗakin barci. Zai ce da ita yake saita ƙararrawar tashi, don haka a tanadar masa ƙaramin agogo tun kafin a kawo maganar. Dokar ba za ta yi ƙarko ba idan yana hango hasken wayar mahaifinsa ta ƙarƙashin ƙofa da tsakar dare, saboda haka wayoyin manya ma su kwana a wuri ɗaya da tasa.

Kofi da shayi da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da yake korar barci, wanda kusan rabinsa yana nan a jini bayan awa biyar, don haka a daina shan su daga azahar. Idan barcin rana ya zama dole, kada ya wuce minti 30, kuma kada a yi shi da yamma. In ya kwanta kamar minti 20 barci ya ƙi zuwa, gara ya tashi ya karanta littafi a ƙaramin haske har ya fara gyangyaɗi, maimakon ya zuba wa agogo ido yana lissafin awannin da suka rage.

Akwai alamun da suka fi ƙarfin gyaran gida. Idan yana minshari mai ƙarfi, ko numfashinsa yana ɗaukewa a cikin barci, ko yana gyangyaɗi a aji duk da ya samu awanninsa, ko rashin barcin ya haɗu da damuwa da ƙauracewa mutane, a kai shi wurin likita. Kada a ba shi ƙwayar barci ko ta melatonin ba tare da izinin likitan ba, kuma a tafi da takardar da aka rubuta lokutan kwanciyarsa da tashinsa na mako biyu.