Girka inkubetar CO2 a ɗakin gwaje-gwaje: wurin ajiya, silinda da mafitar iska

Inkubetar da ake rainon ƙwayoyin halitta a cikinta tana riƙe zafi a digiri 37, iskar CO2 (kabon dayoksaid, wadda muke fitarwa a numfashi) a kashi 5 cikin ɗari, da laima wajen kashi 95. Akwatin kansa ba ya cika jawo haɗari. Abin tsoron shi ne silindar CO2 da ke bayansa da ɗakin da aka rufe ruf saboda esi.

A fara da wurin ajiya. Yawancin inkubetoci ɗumamawa kawai suke yi, ba sa sanyayawa, don haka dole ɗakin ya fi cikin akwatin sanyi da digiri da dama. Tsakanin 20 da 25 ya yi daidai. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura 40, in esi ya mutu inkubeta za ta zarce 37 kuma ba ta da dabarar saukowa. Saboda haka a haɗa esin da janareta ko sola tare da inkubetar, ba ita kaɗai ba. Kada a ajiye ta inda rana ke bugawa, ko gab da ƙofa, ko daidai inda esi ke hurowa, domin duk lokacin da aka buɗe ta ƙura da funfuna za su shige. A ɗora ta kan teburi ko ƙafafunta na ƙarfe, a daidaita da lebur, a bar mata tazarar da littafinta ya faɗa daga bango. A sa mata soket mai wayar ƙasa (atin), da sitabilaiza.

CO2 ɗin da ke cikin silinda an matse shi ne har ya zama ruwa, matsinsa kusan ba 57 (bar, ma'aunin matsi) a digiri 20. Shi ya sa allurar gejin matsi ba ta motsi har sai ruwan ya ƙare, sannan ta faɗi farat ɗaya. Mai son sanin saura nawa sai ya auna nauyi a sikeli. A sayi iska mai tsarkin kashi 99.5 ko sama, kuma a tabbatar silindar ba mai bututun zuƙo ruwa daga ƙasa ba ce, don irin wannan daskarar da regileta (na'urar rage matsin iska) take yi. A tsayar da ita, a ɗaure da sarƙa a bango wajen kashi biyu cikin uku na tsayinta, nesa da rana. Regileta mai hawa biyu ake sawa, da sabuwar washa a bakinta. Inkubetoci da yawa ba sa karɓar matsin da ya fi ba 1, wasu ma ƙasa da haka sosai. In aka wuce, tiyo ya fice ko bawul ɗin ciki ya lalace. A sa matata a kan tiyon, a matse kowane baki da kilif, sannan a shafa ruwan sabulu a duk mahaɗa. Inda kumfa ta taso, nan ne yoyon.

Yanzu lissafin da ake yawan tsallakewa. Kilo ɗaya na ruwan CO2 yana zama iska fiye da rabin kubik mita. Silinda mai kilo 25 ta fi kubik mita 13 ke nan. In ta zube a rufaffen ɗaki mai mita 4 da 3 da 3, CO2 zai haura kashi 25, alhali kashi 10 ya isa ya sumar da mutum cikin 'yan mintuna. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade kashi 0.5 a aikin awa 8, kashi 4 kuwa ana ɗaukarsa haɗari ga rai nan take. Iskar ba ta da launi, kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, sai ta kwanta ƙasa.

Esin da ake liƙawa a bango iskar ɗakin yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa. Ana buƙatar fankar fitar da iska a ƙasa-ƙasa, mai fitarwa waje ba baranda ko silin ba, da kafar shigowar sabuwar iska mai matata daga sama. A auna ƙarfin fankar yadda iskar ɗakin za ta sauya aƙalla sau 6 a awa. Hakan zai ƙara wa esi aiki, to a yi haƙuri a sayi babba. In da hali, a fitar da silindar waje cikin keji mai inuwa, a jawo bututu.

Ƙararrawar CO2 a maƙala ta kamar santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, kusa da silinda, allonta kuma a bakin ƙofa daga waje. Ƙararrawar oksijin ba ta maye gurbinta: ko CO2 ya kai kashi 4, oksijin yana nan wajen kashi 20, ita kuwa sai ya sauka 19.5 take kuka. Ciwon kai da saurin numfashi alama ce ta a fita, ba a duƙa neman yoyo ba. Kuma kada a shiga lifta tare da silinda.

Kafin a saka samfur, a goge ciki da itanol (sinadarin barasa na goge-goge) kashi 70, ban da bilic domin yana cin ƙarfe. A zuba tataccen ruwan turiri da aka kashe wa ƙwayoyin cuta a tiren laima, a kunna, a bar ta ta kwana. Washegari a gwada zafi da CO2 da wani ma'auni na daban, sannan a saita.