Yadda za ka sa ruwan indararo ya nitse a cikin gidanka

Duk ruwan saman da ya fita gidanka ta kwata, da leda da man inji da takin zamani yake isa kogi. Ka riƙe naka.

Da farko, duba inda indararo ke zubarwa. Auna mita 3 daga jikin gini, nesa da masai da rijiya, ka haƙa rami mai faɗi, zurfinsa kamar santimita 20 zuwa 30.

Kafin ka ci gaba, cika shi da ruwa. Idan ya wuce kwana 2 bai nitse ba, ƙasar laka ce; canja wuri. Kada ka tsallake wannan, don ruwan da ya kwanta gidan sauro ne.

Sai ka gauraya ƙasar da yashi da takin gargajiya, ka mayar da rabi. Ja 'yar hanya daga indararo, ka jera tsakuwa a bakinta don kada ruwa ya zaizaye ƙasa.

Shuka jema a ciki, lalle da zogale a gefe inda ruwa ba ya kwanciya. Rufe da busasshen ganye. Gama aikin kafin Agusta, lokacin da damina ke tsananta.