Yadda ake gano nau'in ƙullutun fata ta hanyar zuƙo ƙwayoyinsa da allura

Kafin likita ya taɓa allura, ya kamata ya san shekarun majiyyaci, da wurin da ƙullutun yake, da tsawon lokacin da ya yi, domin mai duba samfurin da aka shafa a gilashi da madubin ƙara girma (maikiroskof), idan bai ji wannan labari ba, yana iya kuskure ko da samfurin ya yi kyau. Ƙullutu a tabon tiyatar haihuwa wanda ke ciwo lokacin al'ada, alal misali, yana sa a yi zargin naman cikin mahaifa ne ya tsiro a wurin.

Bayan an goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai a riƙe ƙullutun da yatsu biyu, a soka siririyar allura mai lamba 22 zuwa 25 da ke haɗe da sirinji mai cin mililita 10. A ja sandar sirinjin, a motsa allurar gaba da baya cikin ƙullutun, sannan a saki jan kafin a zare ta, in ba haka ba samfurin zai shige cikin sirinjin ya ɓace. A shafa samfurin a gilasai domin a rina ƙwayoyin su fito fili, a tsoma wasu nan take cikin sinadarin etanol mai ƙarfin kashi 95 domin rinin Papanicolaou, a bar wasu su sha iska domin rinin Giemsa.

A rubuta kamannin abin da ya fito. Fari mai kama da alli yana nuna taruwar kalsiyam ko gishirin gawut (wani ciwon gaɓoɓi), ruwa garai kuma yana iya ɗauke da ɓurɓushin tsutsar alade. Idan mugunya ce, a ware gilashi domin rinin Ziehl-Neelsen na tarin fuka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne filomatirikoma, ƙari marar illa da ke tasowa daga saiwar gashi, galibi a kai ko wuyan yara. Ƙananan ƙwayoyinsa masu duhu, cunkushe da juna, suna kama da na ciwon daji ƙwarai, kuma abin da ke raba gardama shi ne matattun ƙwayoyi da cibiyarsu ta ɓace ta bar gurbinta kawai. A ganina, idan ba a ga waɗannan ba a ƙullutun yaro, gara a sake sokawa a wani sashe da a yi gaggawar rubuta cewa ciwon daji ne. Idan shakka ta ci gaba, a cire ƙullutun gaba ɗaya a duba tsarin namansa.