Yadda ake horar da zuciya da fatan alheri ba tare da an watsar a makon farko ba

Da yawa daga cikin waɗanda suke gwada wannan aiki na zama shiru ana yi wa mutane fatan alheri a zuci suna barinsa kafin mako ya zagayo, kuma dalilinsu kusan ɗaya ne: ranar da suka fara zama, mutumin da ya fi kowa cutar da su suke ɗaukowa su ce shi za su yi wa fatan alheri. Sai zuciya ta ƙi, su tashi da ɓacin ran da ya fi wanda suka zauna da shi, su ce abin ba nasu ba ne. Alhali aikin yana da jeri, kuma maƙiyi shi ne na ƙarshe a cikin mutanen da ake bi.

Asalinsa daga mabiya addinin Buda yake, su ne suke kiransa metta. An haifi Buda a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, ya yi koyarwarsa a arewacin Indiya fiye da shekara 2,400 da suka wuce, amma wanda ya zayyana jerin dalla-dalla shi ne malaminsu Budagosa, wanda ya yi rubutunsa a Siri Lanka a ƙarni na 5 miladiyya. Musulmin Damagaram, wato Zinder, zai tambaya ko wannan ibada ce. Abin da na ɗauko shi ne tsarin wanda ake farawa da shi da wanda ake jinkirtawa, babu sujada ga kowa, babu kiran wani abin bauta, kuma wanda ya mayar da kalmomin addu'a ya ce Allah ya ba wane lafiya, ya fi dacewa da harshenmu.

Ka tsayar da lokaci ɗaya, minti 10 ya isa. Bayan asuba ya fi, kafin 'yan kabu-kabu su cika titi da ƙara. A watannin Afrilu da Mayu kada ka ma gwada bayan azahar, barci ne zai kwashe ka. Tabarma ta wadatar. Manhajojin salula da ake sayarwa don wannan aiki ɓarnar kuɗi ce da ta data, gara ma ka bar salular a wani ɗakin.

Da kanka za ka fara. Ka maimaita a ranka a hankali: in zauna lafiya, in tsira daga wahala, hankalina ya kwanta. Mutanenmu suna jin kunyar wannan mataki, suna ganin son kai ne, sai su tsallake shi. Hujjar Budagosa ita ce mutum ya mayar da kansa shaida, ya tabbatar cewa yadda yake son daɗi yake gudun wahala, haka kowa yake. Minti 2 ya isa, kada ka daɗe a nan.

Daga nan ka ɗauko wanda kake girmamawa, kamar malamin da ya koya maka karatu ko kawun da ya riƙe ka, sannan amininka. Sharaɗi biyu ne: ya zama yana raye, domin mamaci kewa yake tayarwa, kuma kada ya zama wanda kake sha'awa. Samari budurwa suke ɗaukowa, su yi minti 10 suna tunaninta, su ce sun yi aiki.

Mataki na uku shi ne wanda ba ka so ba ka ƙi, kuma a nan nake son a zauna aƙalla mako 2, domin a nan zuciya take koyon abin da za ta buƙata a gaba. Ka zaɓi mutum ɗaya da kake gani kullum amma bai taɓa shiga lissafinka ba. A Zinder babu wanda ya fi ɗan ga-ruwa dacewa. Ka san kuɗin jarkarsa, ka san ranar da ya ƙara mata farashi, amma da wuya ka san sunansa ko garin da ya baro. Ka zo da shi a ranka yadda yake idan ya tsaya a ƙofar gida: rigarsa a jiƙe, faso a diddigensa, yana sauke jarka yana haki bayan dogon layin famfo da ya bi tun da duhu. Sai ka yi masa kalmomin da ka yi wa kanka, ba ƙari ba ragi.

Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, mutum ya ga bai ji komai ba sai ya ɗauka aikin ba ya ci, ya yi tsalle zuwa maƙiyi don ya ji wani abu. Rashin jin komai shi ne ainihin halin da kake ciki game da mafi yawan mutanen gari, kuma shi ake son a taɓa. Na biyu, mutum ya zarce cikin ɓacin rai saboda talaucin ɗan ga-ruwan har ya tashi jiki a mace. Budagosa ya yi gargaɗi cewa baƙin ciki yana kama da tausayi har a ruɗe, amma tausayi yana sa ka so a yaye wahalar, shi kuwa baƙin ciki kai yake kayarwa. Alamar cewa ka ci wannan mataki a waje take fitowa: ranar da ka ga ka gaishe shi ka kuma tsaya jin amsarsa kafin ka miƙa kuɗi.

Yanzu ne za ka zo kan wanda ya ɓata maka, shi ma ƙarami za ka fara ɗauka. Maƙwabcin da yake sako ruwan wanki ta ƙofarka, ko wanda ya yi maka ba'a a fada, wato majalisar hira, gaban abokai, ko mai shagon Kasuwar Dole da ya tauye maka mudu. Kishiya da ɗan'uwan da ya cinye gado su jira sai bayan watanni. Idan ka ambace shi zuciya ta tafasa, kada ka yi kokawa da ita, ka koma kan malaminka har ta huce, sannan ka sake dawowa. Idan ta ƙi, ka nemi hali ɗaya mai kyau da ka tabbata yana da shi, ko da iya gaisuwa ce, ka tsaya a kansa. Budagosa ya kwatanta mai fushi da wanda ya damƙi garwashi zai jefi wani, shi ne farkon ƙonewa. Maganin da ya ajiye a ƙarshe kuwa kyauta ce, ka ba shi wani abu naka ko ka karɓi nasa, kuma a ganina goro ɗaya ko kwanon tuwo da aka aika yaro da shi ya fi zaman mako guda tasiri. Wannan duka bai hana ka bin bashinka ba, bai hana ka kai ƙara wurin mai unguwa ba, kuma bai wajabta wa matar da ake duka ta koma inda ake dukanta ba.

Gwajin da Budagosa ya kawo mai tsauri ne: kana zaune da amininka da baƙo da maƙiyinka, 'yan fashi suka ce a ba su mutum ɗaya su yanka. Idan ka nuna wani, ba ka kai ba. Idan ka miƙa kanka, nan ma ba ka kai ba, domin ka fifita wasu a kan wani. Kada ka damu da wannan a shekarar farko.

Abin da ya rage faɗaɗawa ce: mutanen gidanka, unguwarku, Birni da Zango da sauran gari, ƙauyuka, har jakuna da tsuntsaye. Minti ɗaya ya ishe shi. Ranar da lokaci ya ƙure maka, shi za ka yanke, ka bar na ukun yadda yake.