Kwasa-kwasan intanet na kyauta: inda muke tuntuɓe

Abin da na fi gani a wurin samarinmu na Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, shi ne haɗama. Yaro ya ji an ce karatu kyauta ne, sai ya yi rajistar kwas shida a dare ɗaya: lissafi, kwamfuta, Ingilishi, har da harkar kuɗi. Bayan sati biyu ko ɗaya bai sake leƙawa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Ka ɗauki ɗaya, ka duba awa nawa yake ci a mako kafin ka shiga, ka ware masa lokacin da ba ya motsi, ko da bayan sallar asuba ne.

Sai batun harshe. Coursera da edX, manyan dandalin kwasa-kwasan intanet, a Amurka aka kafa su a 2012, kuma akasarin darussansu da Ingilishi ne. Wanda ya yi boko da Faransanci sai ya faɗa can, ya yi ta kokawa da harshe maimakon darasi, ƙarshe ya ɗauka kansa ne ba ya ja. Alhali gwamnatin Faransa ta buɗe dandalin FUN tun 2013, jami'o'inta na zuba darussa da Faransanci. Ka fara daga nan.

Kallon bidiyo kai tsaye da datar waya ma ɓarna ce. Ranar da ka samu wifi ka sauke na mako guda, ka rage ingancin hoton, ka haɗa da rubutun darasin, wanda ba ya cin komai. Idan wuta ta ɗauke a zafin Afrilu, karatunka na cikin waya.

Inda aka fi yaudarar kai shi ne satifiket. Wasu don takardar kaɗai suke shiga, su yi ta tsallake bidiyo suna cankar amsa. A dandali da yawa karatun ne kyauta, takardar kuwa sai an biya, kodayake Coursera na karɓar buƙatar tallafi ga marar hali. Dandalin MIT OpenCourseWare, da ke sakin darussan jami'ar MIT ta Amurka tun 2002, ba ya ba da takarda sam. Kuma ko ka samu, ba ta tsaya a madadin digirin Jami'ar Ngaundare ko ta Marwa ba a jarrabawar shiga aikin gwamnati. Mai ɗaukar aiki a kamfani zai fi so ka buɗe kwamfuta ka nuna masa abin da ka gina.

Malamai kuma, ku ma da naku. Ba duk abin da ke intanet ba ne ya halatta a kwafa. Kayan karatu na buɗe, wato waɗanda aka sakar wa kowa ya yi amfani da su, da aka raɗa wa suna a taron UNESCO a 2002, galibi suna ɗauke da lasisin Creative Commons, mai bayyana abin da aka yarda a yi da su. In kun ga alamar NC a jikin lasisin, ba a sayar da su. In kun ga ND, ba a raba fassara ko gyararren kwafi. In babu ND, kuna iya mayar da darasin Hausa ko Fulatanci ku raba wa ɗalibai, muddin kun ambaci mai shi.